Mutum-mutumi Zai Iya Jinyar Tsoho?

Yau hirar tamu za ta kai mu ƙasar Japan, amma batu ne da ya shafi duk macen da ta taɓa jinyar uwa ko suruka.

A Japan, kusan mutum 3 cikin kowane 10 ya kai shekara 65 ko ya haura. Haihuwa ta ragu, masu jinya sun yi ƙaranci. Shi ne aka ce to, bari a ƙera mutum-mutumi, wato na'ura mai kai da hannuwa kamar ɗan Adam, ta riƙa kula da tsofaffi.

A shekarar 2014 kamfanin SoftBank ya fito da wani mai suna Pepper. Tsawonsa santimita 120, yana magana, ga allo a ƙirjinsa. An kai shi gidajen kula da tsofaffi yana jagorantar waƙa da motsa jiki. A 2015 kuma cibiyar bincike ta Riken ta nuna Robear, wanda ke ɗaga majinyaci daga gado ya ɗora shi a keken guragu.

To, me ya biyo baya? Robear bai taɓa shiga kasuwa ba. Pepper kuwa an daina ƙera shi a 2020. Wani mai bincike, James Wright, ya zauna a irin wannan gida, ya fitar da littafi a 2023. Abin da ya gani shi ne na'urorin sun ƙara wa ma'aikata aiki ne: a tura su, a goge su, a sa musu caji, a sa musu ido. Kai, sai ma'aikaciya ta tsaya kusa da Pepper tana kwaikwayon motsinsa kafin tsofaffin su yarda su bi. Kin ji fa, 'yar uwa. Ashe mutum suke bi, ba na'ura ba.

Ba cewa nake yi mu guji ci gaba ba. Wadda ta taɓa ɗaga babban mutum daga shimfiɗa ta san yadda baya ke ciwo. In an samu abin da zai rage mata wannan wahala, madalla. Yanzu haka kamfanoni a Amurka da Sin suna ta ƙera sababbi, wasu har hira suke yi da mutum.

Abin tsoron shi ne ranar da za mu ce ai Inna tana da abokin hira, ba sai na leƙa ba. Na'ura za ta amsa mata magana, amma ba ta san ranar da Inna ta haife ki ba, ba kuma za ta yi kewarta ba.

Zumunci a ƙafa yake. Yau kafin magariba, ki je ki zauna da tsohuwarki, ki danna mata ƙafa, ki saurari labarin nan da ta sha ba ki.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.