Jawabi Ga Hakimai Da Magatakarda Kan Ranar Tarihi A Makarantu



Yara da yawa suna ganin Dutsen Dala kullum, amma ba su san Barbushe ba, wanda Tarihin Kano ya ce shi ne shugaban mutanen wurin kafin zuwan Bagauda a 999. Ba su kuma san Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa ba.

Saboda haka ana roƙon kowane Hakimi ya shirya ranar tarihi a makarantun ƙasarsa. A gayyato dattawa, da maƙera, da marina, da Maguzawa, su ba da labarin kakanninsu da bakinsu. Magatakarda su rubuta, a ajiye a makaranta, gama in tsoho ya rasu, abin da ya sani ya bi shi kabari.

Allah ya yi mana jagora, amin.