Kalmar Gelt da Tafiyarta daga Yidish zuwa Ingilishin Amurka

Wannan takarda ta duba yadda kalmar gelt, wadda ke nufin kuɗi, ta samu gurbi a Ingilishin baka na Amurka, wato wanda ake ji a kasuwa da kan titi, ba wanda ake rubuta takardun hukuma da shi ba. An aro ta ne daga Yidish, harshen Yahudawan Ashkenazi, wato waɗanda suka zauna a tsakiya da gabashin Turai. Harshen ya tsiro daga tsohon Jamusanci kimanin shekara dubu da suka wuce, ya ɗebi kalmomi daga Ibrananci da harsunan gabashin Turai, kuma ana rubuta shi da haruffan Ibrananci, kamar yadda Hausawa suka daɗe suna rubuta harshensu da ajami.

Tun a ƙarni na 16 kalmar ta leƙa Ingila ta hanyar Jamusanci da Holanci, amma abin da ya ba ta sabon rai shi ne ƙaura. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa kimanin miliyan biyu suka bar daular Rasha da maƙwabtanta zuwa Amurka, suna gudun talauci da hare-haren da suka biyo bayan kisan Sarki Alexander II. Da yawansu suka zauna a unguwar Lower East Side ta birnin New York, inda suka shiga ɗinki da talla a amalanke, kuma a wajen ciniki da neman ladan aiki ne maƙwabtansu suka riƙa jin kalmar har ta zauna a bakinsu. Masu wasan barkwanci a dandamali suka ƙara yaɗa ta, kuma a 1968 Leo Rosten ya tattara irin waɗannan kalmomi a littafinsa The Joys of Yiddish. Ta wannan hanya ce ita ma mazuma ta shigo, kalmar da asalinta na Ibrananci yake nufin abin da aka tanada, wato kuɗi a hannu.

A cikin gida kuwa, gelt tana da wata daraja dabam. A lokacin Hanuka, bikin Yahudawa na kwana takwas da yakan faɗo a ƙarshen Nuwamba ko a Disamba, al'ada ce a ba yara da malamansu 'yan kuɗi, kuma daga shekarun 1920 kamfanonin alewa na Amurka suka fara yin cakulan mai siffar tsabar kuɗi a takardar ruwan zinari, wanda har yau ake kiransa gelt.

Akwai masu ɗaukar wannan aro a matsayin shaida ga tsohon zargin nan mai danganta Yahudawa da son kuɗi, kuma wannan fassara ba ta da madogara. Kalmomin kuɗi suna saurin ƙetare iyakar harshe a duk inda al'ummomi suka haɗu a kasuwa, kamar yadda sule da fam da kwabo suka shigo Hausa daga Ingilishi. Waɗanda suka kai gelt New York talakawa ne masu aikin ɗinki na tsawon sa'o'i a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma da tarihinsu ya kamata masu nazarin harshe su auna kalmar.