Fim da Tarihin Tawaye: Daga Lugu zuwa Bakin Komadugu



An nemi in yi magana a kan finafinan tawaye, shin gaskiya suke faɗi ko shaci-faɗi. Zan kama fim guda in daɗe a kansa, domin wanda ya rubuta labarinsa ɗan jiharmu ta Diffa ne. An haifi Abdoulaye Mamani a Gudumariya a 1932. Ɗan jam'iyyar Sawaba ne ta Djibo Bakary, ya yi gudun hijira a Aljeriya, da ya dawo gida kuma gwamnatin Seyni Kountché ta ɗaure shi. A 1980 ya fitar da littafinsa Sarraounia. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi fim a 1986, aka ɗauka a Burkina Faso ta zamanin Sankara bayan shirin ɗauka a Nijar ya wargaje. A 1987 fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu.

Ga abin da ya tabbata. A watan Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda Faransa ta turo ta nufi tafkin Chadi, ta auka wa Lugu a ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi. Mutanen garin Azna ne, kuma Sarauniya sarautar tsafi ce da ake gada a can har gobe. Sun yi turjiya da kwari da baka, suka kashe wa rundunar sojoji huɗu, sannan suka janye cikin kurmi, aka ƙone garin. Rundunar ta wuce ta yi ɓarnar da ta fi wannan muni a Birnin Ƙonni. A ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka juya suka kashe Chanoine da Voulet ɗin a yankin Tasawa.

A takardun Faransawa, Sarauniyar wancan lokaci, Mangu, ba ta wuce 'yan layuka ba, su ma na zagi ne. A bakin tsofaffin Lugu, ƙarfinta na asiri ne da tsare al'ada. Amma wadda muka gani a allo, 'yar wasa Aï Keïta riƙe da baka, an horar da ita yaƙi tun tana ƙarama, tana da masoyi, tana jawabin haɗa kan kowace ƙabila da kowane addini, wannan ta Mamani ce. A ganina, mutumin da ya ga an murƙushe yunƙurin Sawaba a 1964 ya rubuta wa kansa nasarar da bai samu ba. Ban ga laifinsa ba. Ƙagaggen labari ya ce ya rubuta, bai ce tarihi ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ya biyo baya. Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdou Moumouni da Elara Bertho sun nuna yadda Sarauniyar littafi da ta fim ta rufe ta Lugu. Yau akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta, akwai lambar yabo ta ƙasa mai sunan Sarauniya Mangu. Ka tambayi ɗan lakwal wace ce ita, zai zana maka Aï Keïta. Idan mai fim ya saka wa soja rigar da ba ta zamaninsa ba, wannan kuskure ne da malamin tarihi zai gyara cikin minti biyu. Idan kuwa fim ya shiga kan mutane har jikan wanda aka yi abin a gabansa ya koma ba da labarin allo, ba mai iya tace wannan kuma.

Sai dai zan ba Med Hondo haƙƙinsa a wuri guda. Bai ɓoye cewa Turawan rundunar ba su kai goma ba, kuma masu riƙe da bindigogin 'yan Afirka ne. Ya nuna sarakunan da suka miƙa wuya, ya nuna masu tafinta da masu nuna hanya. Yawancin finafinan tawaye a nan suke faɗuwa, domin allo yana son gwarzo guda da mugu guda, alhali yaƙin cikin gida maƙwabci ne da maƙwabci.

Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. A Amurka, a 2016, Gary Ross ya yi fim a kan Newton Knight, manomin Misisipi da ya gudu daga rundunar Kudu a yaƙin basasarsu ya ja daga da ita a yankinsu. Don tsoron a ce ya yi ƙarya, sai da ya buɗe shafin intanet yana kawo hujjar kowace fitowa. Duk da haka zuriyar mutanen yankin ba su daina jayayya a kan ko Knight gwarzo ne ko ɗan ta'adda ba.

Yanzu mu dawo gida, don abin da ya tara mu ke nan. Jihar Diffa ta ga tawaye biyu a rayuwar mutanen da ke zaune cikin ɗakin nan. Na farko shi ne na ƙungiyar FDR a shekarun 1990, wanda Tubawa suka fi yawa a cikinsa, ya ƙare da yarjejeniyar Injamena a watan Agustan 1998. A lokacin an samu 'yan banga na Fulani da na Larabawa da suka tsaya gefen gwamnati. A farkon 1999 aka gano ramin gawawwaki a Bultungur, cikin yankin tafkin Chadi. Wanda zai yi fim ɗin wannan zamani, ta bakin wa zai yi shi? Batube zai ce an ware su ne, Bafillace zai ce dabbobinsa aka kore, Bamange manomi zai ce shi dai tsakanin wuta biyu ya kwana. Kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya, fim ɗin awa biyu kuwa ɗaya zai zaɓa.

Na biyu ba sai na gaya muku ba. Tun ranar 6 ga Fabrairun 2015 da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa muke ciki. Na tabbata za a yi finafinansa, an ma fara a Nijeriya. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda Maryam Booth ta fito a ciki a 2020, da Hausa aka yi mafi yawansa, a jihar Taraba aka ɗauka, kuma hukumar tace finafinai ta yanke masa wani sashe kafin ya fita. Ga gyara biyu ke nan tun kafin mai kallo ya zauna: na mai fim da na hukuma.

Me mai kyamarar da ya zo daga nesa zai ɗauka a nan? Rawani, tuta, bindiga a kan mota. Ba zai ɗauki ɗan kabu-kabun da ya jingine babur ɗinsa a zaure ya lulluɓe shi da buhu ba, ranar da dokar ta-ɓaci ta hana hawa, har tayoyin suka tsattsage yana zaune ba sana'a. Ba zai ɗauki jan tattasan da ake shanyawa a bakin kogin Komadugu ba, wanda aka hana fataucinsa da na bandar kifi don kada kuɗin ya kai hannun mayaƙa. Ba zai ɗauki mutanen tsibiran tafkin Chadi da aka ce su tashi a watan Mayun 2015, bayan harin Karamga, suka tako a ƙafa zuwa Gigimi ba, ko bukkokin zana da leda da suka jeru a gefen babbar hanyar kwalta. Alhali duk wanda yake son ya gane dalilin da ya sa wani yaro ya tsallaka kogi ya bi su, wani kuma ya ƙi, a cikin waɗannan abubuwan amsar take. An ba wasu babur da kuɗin aure, an tilasta wa wasu, wasu wa'azi ya ja su tun kafin a fara harbi. Cibiyar tubabbu da ke Gudumariya, garin Mamani, ta karɓi irin kowannensu.

Saboda haka ba na roƙon masu fim su zama malaman tarihi. Su ƙaga soyayya, su haɗa mutum uku su zama ɗaya, sana'arsu ce. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora laifin yaƙi kacokan a kan ƙabila guda, Barebari ko Buduma, domin 'ya'yanmu a waya za su kalla, ana tura musu daga wannan zuwa wancan, kuma da yaran waɗancan mutane suke zama aji ɗaya.

Ku malaman tarihi da ɗaliban Jami'ar Diffa, aikin da ke gabanku ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Waɗanda suka ga tawayen shekarun 1990 sun fara manyanta. Ku zauna da su da waya, Batube daban, Bafillace daban, Balarabe daban, mata daban da maza, kowa da harshensa. Ku rubuta ranar da kuka ɗauka da garin, ku ɓoye sunan wanda yake tsoro. Idan maganar biyu ta saɓa, ku ajiye duka biyun yadda suke, kada ku sasanta su. Kuma kafin dattijo ya fara, ku tambaye shi ko ya taɓa jin labarin a rediyo ko ya gani a allo, ku rubuta amsar a saman takardar.