Kwanakin Farko na Ɗan Tarwada: Jawabi ga Masu Zuba Jari a Kiwon Kifi



Da yawa daga cikinku kuna aiko kuɗi gida Sakkwato domin a gina wa ƙannenku tafkin kiwon tarwada. Wannan abin yabo ne, domin kifin Kogin Rima da Tafkin Kware ba zai ishi jama'armu ta yau ba. Sai dai muna jan hankalinku ga wurin da jarin ya fi nutsewa, wato kwanakin farko na ɗan kifi.

Ƙwan tarwada yakan ƙyanƙyashe cikin kamar kwana ɗaya. Ɗan yakan rayu da gwaiduwar da ke cikinsa na kimanin kwana 3. Daga nan bakinsa ya buɗe, amma cikinsa bai ƙware da busasshen abinci ba. Abin da ya dace da shi shi ne 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa masu motsi, irin su atimiya, kafin a yaye shi sannu a hankali zuwa lallausan abinci mai yawan sinadarin gina jiki. A ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, domin saura yana ruɓar da ruwa. A riƙa ware manya daga ƙanana, domin tarwada mai yunwa tana cin 'yar uwarta. A kuma kare su daga sanyin hunturu.

Ba mu kaɗai wannan matsala ta dama ba. Akwai wata dabbar teku mai hannuwa takwas, oktofus, wadda ake ci a Japan da Sifen. Tun 1963 masanan Japan suka yi nasarar renon 'ya'yanta, amma shekaru da dama bayan haka kiwonta bai zama kasuwanci ba, saboda 'ya'yan suna mutuwa tun suna ƙanana idan ba su sami abinci mai rai da ya dace ba, kamar jariran ƙaguwa.

Saboda haka, kafin ku sayi siminti, ku fara tura yaron ya koyi reno, ko a cibiyar binciken kifi ta New Bussa, ko wurin ƙwararren mai ƙyanƙyasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.