INA KAZA DA 'YA'YANTA KE TAFIYA? Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata, Sabo, Ibadan

 

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, kwanakin baya da aka ɗauke wuta muna zaune ƙofar gida bayan Isha'i, sai muka ce wa yara su nuna mana Kaza da 'Ya'yanta. Wallahi ko ɗaya bai san ta ba. Mu kuma da muka ɗaga kai za mu nuna musu, sai muka tarar ba ta nan. Wani yaro ya ce, "To Baba, ina ta tafi?" Dattawa biyar a wurin, kowa ya yi shiru.

To, ba ta tafi ko'ina ba, mu ne muka tafi. Duniyar nan tana kewaya rana, kewaye ɗaya cikin kwana 365 da 'yan awoyi. Ku ɗauka an ajiye fitila tsakiyar tsakar gida, mutum yana zagaya ta ya ba ta baya. Yanzu ɗakin girki ne gabansa, an jima zaure, an jima turaka. Ɗakin da ke bayan fitila kuwa ba zai gan shi ba, ko ya waiwaya haske zai kashe masa ido. Dare shi ne bayan da muka ba rana. Taurari suna nan da tsakar rana, haskenta ne ya rufe su.

Kaza, wadda malamai ke kira Suraya, rana tana zuwa daidai saitinta cikin watan Mayu, sai ta ɓace mana kamar kwana 40. Cikin Yuni ta fara leƙowa gabas da asuba. Kafin Nuwamba kuwa, rana na faɗuwa tana fitowa, tsakar dare tana bisa kanmu. Kunama, wato Aƙrabu, akasinta ce. Ita da damina take cika sama da daddare, lokacin ɗari kuma ta shige bayan rana. Mutum na iya gwadawa da kansa: kowane tauraro yana riga jiya fitowa da kusan minti 4. Ka saita wani da kan hasumiyar masallaci da ƙarfe 9, bayan kwana 15 za ka same shi a wurin da ƙarfe 8.

Kakanninmu sun riƙe wannan lissafi sosai. Taurari 28 suke ƙirgawa, bakwai-bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari. Kowanne kwana 13 yake yi, ɗaya yana da 14, jimla 365. Na damina, irin su Haƙ'a, Han'a, Zira'a da Nasara, duk tsohon manomi ya haddace su. Dalili kuwa, watanninmu na Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, shi ya sa muka yi azumi cikin zafi muka kuma yi shi cikin sanyi. Manomi ba zai yi shuka da su ba. Taurari kuwa tare suke tafiya da shekarar rana. Mun ji wasu na cewa wai wannan duba ne. A abin da muka karanta gaban malamanmu, sanin lokaci daban, da'awar sanin gaibu daban. Tauraro alama ce, ba shi ke saukar da ruwa ba.

Amma fa a kula, wannan lissafi na Arewa ne. Nan Ibadan ruwa kan sauka tun Maris ko Afrilu, lokacin da Kano ke fama da zafin bazara, ya kuma ɗan tsagaita cikin Agusta sa'ad da can ake tsakiyar marka. Mu 'yan kasuwa da ke aika kuɗin taki gida, ko muke jiran sabon hatsi ya karya farashi, kada ruwan nan ya ruɗe mu.

Saman ma ta ɗan bambanta. Tauraron arewa, wanda ba ya motsi, a Kano yana sama da ƙasa da wajen digiri 12, nan kuwa wajen 7 ne kawai, gini ɗaya ya isa ya tare shi. Zara da Gamzaki kuma kada a sa su cikin wannan lissafi. Abu ɗaya ne, Zuhura, ita ma rana take kewayawa kamar mu, wani lokaci ta fito da magariba, wani lokaci da asuba.

Roƙonmu ga iyaye, idan Nuwamba ta zo gajimare ya janye, ranar da aka ɗauke wuta a bar janareta ya huta na rabin awa, a fito da yara, a fuskanci gabas bayan Isha'i. Wanda ya ƙirga 'ya'yan Kaza shida idonsa lafiya lau. Wanda ya ce ya ga bakwai, ya zo ya nuna mana.