Katanga da Ƙofa

A wannan rana ina so mu duba wata tambaya da wani dattijo ya yi mini a bakin kasuwa bayan wa'azi. Ya ce, "Malam, Littafinku baki biyu gare shi. Nan ya ce kowa ya zo, can ya ce wane kada ya shiga. Wanne za mu kama?" Ban raina tambayarsa ba, gama gaskiya ce dukansu biyu suna nan a rubuce.

Ku buɗe Kubawar Shari'a sura 23. A nan aka hana baba, wato namijin da aka dandaƙe, shiga taron jama'ar Ubangiji. Aka kuma hana Ba'ammone da Bamowabe har tsara ta goma. A zamanin Ezra an sa mazaje sun rabu da matansu baƙi. Haikalin Urushalima kuwa yana da katanga wadda ba'al'umme ba ya ƙetarewa. A shekarar 1871 aka sami ɗaya daga cikin duwatsunta, da rubutun Helenanci mai gargaɗin baƙo cewa in ya wuce, alhakin mutuwarsa yana wuyansa. Dutsen yana Istanbul. Bulus ma an kama shi ne bisa zargin ya shigar da Tarofimas mutumin Afisa bayan wannan katanga.

To, yanzu ku dubi wani matafiyi a Ayyukan Manzanni sura 8. Ma'ajin Kandakatu ne, sarauniyar da Littafi ya kira ta Habasha, mulkinta kuwa yana bakin Kogin Nilu, cikin ƙasar Sudan ta yau. Ya yi doguwar tafiya zuwa Urushalima domin sujada, alhali shi baƙo ne, kuma baba ne. Abu biyu suka tare masa hanya. Yana komawa gida cikin karusarsa ta hanyar Gaza, yana karanta Ishaya sura 53, bai gane ba, sai Filibus ya hau ya zauna kusa da shi, ya yi masa bisharar Yesu. Da suka iso ruwa, ya tambaya ko akwai abin da zai hana a yi masa baftisma. Ku lura, mutum ne da ya saba da hani. Filibus bai sami abin hanawa ba.

In ya ci gaba da karatu, sura uku kaɗai ke tsakaninsa da Ishaya 56, inda Allah ya yi wa baba da baƙo alkawarin wuri da suna a cikin gidansa. Ashe tun cikin Tsohon Alkawari ƙofar ta soma buɗewa. Rut ma Bamowabiya ce, amma ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda. Matta kuwa bai ɓoye sunanta ba cikin asalin Almasihu.

Ga yadda na fahimta. Manomi yakan yi wa dashe shinge saboda awaki, ba don ya ƙi mutanen gari ba. Allah ya keɓe Isra'ila daga gumakan al'ummai har Mai Ceto ya fito daga cikinta. Shi ya sa a Matta sura 10 Yesu ya aiki almajiransa wurin Isra'ila kaɗai, a sura 28 kuwa, bayan tashinsa, ya aike su wurin dukan al'ummai. Bulus ya gaya wa Afisawa cewa Almasihu ya rushe katangar da jikinsa.

Amma kada in ruɗe ku. Ƙofa tana nan, ƙunƙunta ce kuma, haka Ubangiji ya faɗa. Ƙuncinta shi ne tuba da bangaskiya. Ba a tambayar asali a bakinta. Na san waɗansunku suna kwana da tunanin iyayen da suka rasu ba su ji ba. Ni ma haka. Shari'arsu ba ta hannunmu, tana hannun Mai shari'ar dukan duniya, wanda Ibrahim ya amince ba zai yi zalunci ba.

Abin da ke hannunmu shi ne masu rai. Da yawa cikinmu an ware mana ƙwarya a gida ranar da muka bi Yesu, mun san zafinsa. To, ƙaƙa za mu ware wa wani? Mahauci ya shigo, Bafillatani ya shigo, Buzu ya shigo, jikan bawa ya nemi auren 'yarmu. Ina za mu zaunar da su? Yohanna ya ga taron da ba mai iya ƙirgawa, daga kowace kabila da harshe, a gaban kursiyin. Kada mu sāke gina abin da Ubangijinmu ya rushe da jininsa. Allah ya ba mu zuciyar Filibus. Amin.