Mai bak ɗin Damagaram a ƙofar jami'ar Kano

 

An ce in yi magana a kan tambayar da ke ta shigowa tun da aka fito da sakamakon bak. Yaro ya ci bak a nan Damagaram, seri D, wataƙila har da mansiyon, yana son karatun likita ko injiniya, ya ce shi Kano za shi, ko Zariya, ko Sakkwato. Shin za a ɗauke shi? Zan faɗa muku abin da na sani, har da wanda ba shi da daɗin ji.

Na san abin da ke jan ku. Daga nan zuwa Kano kilomita wajen 240 ne, Yamai kuwa kusan 900. Ka hau mota da safe, kafin la'asar kana Kano, kuma kowa a can yana da gwaggo ko kawu da zai ba shi tabarma. Ga naira ta faɗi tun 2023, mai sefa a aljihu yana jin kansa alhaji a kasuwar Kwari. Sai mutum ya ɗauka jami'ar Bayero ta gida ce. To Sarki Ahmadu Kuran Daga ma ya kai yaƙi har kusa da Kano a ƙarshen ƙarni na 19, da dawakai da bindigogi, bai shiga birnin ba. Ku da za ku je da fotokofi, sai ku shirya.

Ga yadda abin yake tafiya a can. Duk mai son shiga jami'a a Najeriya sai ya bi ta wata hukuma da ake kira JAMB, wadda aka kafa a 1978. Ita ke shirya jarrabawar shiga, a kan kwamfuta, darussa huɗu, Ingilishi dole ne a ciki, maki 400 gaba ɗaya. A 2025 kusan mutum miliyan 2 suka zauna mata, kuma a sakamakon farko da aka fitar fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Waɗannan yara ne da suka yi lakwal ɗinsu da Ingilishi tun aji ɗaya. Bayan wannan kuma jami'ar da ka zaɓa tana yin tata tantancewar.

Amma maki ba shi kaɗai ke rabon kujeru ba, nan ne mutanenmu ba su gane ba. Jami'o'in gwamnatin tarayya suna kasa gurabe gida uku. Mu ce kujera 100 ce a wani sashe. Kujera 45 na masu maki ne, ko daga ina suka fito. Kujera 35 na ƴan jihohin da aka ware wa wannan jami'ar a matsayin yankinta, kamar Kano da Jigawa a wajen Bayero. Sauran 20 na ƴan jihohin da gwamnati ta ce an bar su baya a karatun boko, galibinsu na Arewa. Ke nan ɗan Kano yana da ƙofa uku da zai ƙwanƙwasa: in bai shiga ta farko ba, akwai ta biyu, akwai ta uku. Ɗan Oyo ko Anambra da ya zaɓi Bayero ƙofa guda gare shi, ta 45 ɗin nan, kuma a wurin yana gogayya da zakarun ƙasa duka. Shi ya sa za ka ga yara biyu, wanda ya fi maki ya rasa, wanda ke ƙasa da shi ya samu, ba wanda ya ci hanci, ƙa'idar ce haka.

Wani abu kuma: asalin uba ake dubawa, ba inda aka haife ka ba. Yaron da aka haifa a Sabon Garin Kano, yana jin Hausa ya fi ni, in ubansa mutumin Inugu ne, a takarda shi ɗan Inugu ne. To in ɗan ƙasa ma ana kiran shi baƙo a garin da aka binne cibiyarsa, ina ga kai da ka zo da fasfo na Nijar? Kujeru 35 ɗin nan da 20 ɗin nan ba naka ba ne ko kaɗan. Kai ɗalibin ƙasar waje ne, daidai da ɗan Cadi ko ɗan Gambiya, ko da kakarka Bakanuwa ce.

Ni ban ga laifinsu ba, gaskiya. Arewacin Najeriya ya shiga boko a makare, kamar mu, kuma da ba a yi wannan kason ba da ƴan Kudu sun cika ajin likita na Kano da Zariya, asibitocin karkara su zauna ba likitan da ke jin harshen majinyaci. Mu ma da aka buɗe jami'a a Damagaram, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, ai murnar da muka yi ita ce yaranmu sun huta da tafiya Yamai. Kowa nasa yake fara dubawa.

Sai takardu. Suna son kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, WAEC ko NECO, da Ingilishi a ciki, da lissafi a yawancin sassa. Mu bak muke da shi. Bak ɗinmu ba ƙaramin abu ba ne: mu shekara 13 muke yi kafin mu kai gare shi, su 12 suke yi. Shi ya sa akwai hanyar shiga kai tsaye aji biyu, wadda wasu jami'o'i ke buɗe wa mai bak, bayan an fassara takardar an kuma tantance ta a ma'aikatar ilimi ta tarayya. Ita ma fom ɗinta na JAMB ne. Tun 2017 duk wani gurbi sai ya bi ta na'urar JAMB kafin ya zama gurbi. Wanda ya ce maka ya san wani malami da zai saka sunanka ta bayan gida, kuɗinka yake so. Za ka iya yin shekara huɗu kana zaman aji, ranar fita a ce ba a san da kai ba.

Tantancewar ma ta ƙara tsauri. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin ƴan makonni, a farkon 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da karɓar digirin Benin da Togo. Tun daga lokacin duk takardar da ta zo da Faransanci ana juya ta sau biyu.

Yanzu in zo ga abin da ya sa na yarda in yi wannan maganar. Duk mun san gajeriyar hanyar da ake bi, kada mu yi kamar ba mu sani ba. Iyaka ta raba dangi: Magarya da Baɓura, Dungas da Maigatari, Matamaye da Daura. Sai a samu wani ya karɓo wa yaro takardar shaidar zama ɗan wata ƙaramar hukuma, ya zama ɗan jiha cikin yini guda, ƙofa uku ta buɗe, kuɗin makaranta ya sauko. Wanda ubansa ɗan can ne da gaske, hakkinsa ne, ya je ya karɓa da rana tsaka. Maganata a kan wanda ba haka ba.

Ɗan yayata ya bi wannan hanyar, da sanina, ban hana ba. Dillali ya yi masa takarda a wata ƙaramar hukuma ta bakin iyaka. Da aka zo yin lambar shaida ta NIN, wadda ba a rajistar JAMB sai da ita tun 2021, aka rubuta sunansa yadda suke rubutawa a can, aka sa masa sunan garin a matsayin sunan ƙarshe, aka rage masa shekara biyu don ya yi daidai da ƴan ajinsu. Ya yi NECO ta masu zaman kansu, ya ci, ya samu gurbi, ya yi karatunsa lafiya, ya gama. Muka yanka rago. Ya dawo gida zai ajiye dosiye don konkur, aka jera takardunsa a kan tebur: mai bak sunansa Mahamadou, haifaffen Zinder, mai digiri sunansa Muhammad, haifaffen wani gari a Najeriya, ƙanen na farko da shekara biyu. Ma'aikacin ya dube shi ya ce, wanne ne kai a ciki? Ba wanda ya zalunce shi a wannan ofis, tambayar daidai take. Komawa can a gyara kuma yana nufin ya je da ƙafarsa ya ce takardar farko ƙarya ce. Yau shekara biyu yana tsaron shagon wani a Kano. In na tuna ni na raka shi wurin dillalin, abinci ba ya min daɗi.

To mene ne rabon mai bin ƙofar gaba? A likita, kaɗan ne ƙwarai, ba zan ruɗe ku ba. Hukumar likitocin Najeriya ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ƴan jiha ma da maki mai yawa suna rasawa, su koma wani sashe. Shari'a da haɗa magunguna su ma haka. A noma, ilimin koyarwa, harsuna, Larabci, kimiyyar lissafi, ƙofa ta fi faɗi, mai bak mai kyau da Ingilishi mai kyau yana da fata. Sai dai kuɗin baƙo za ka biya, wanda ya fi na ɗan ƙasa, kuma ka sa yajin aiki cikin lissafinka: a 2022 malaman jami'o'in can sun yi wata takwas ba su shiga aji ba. Ingilishin nan kuwa kada ku raina shi. Wanda muka koya a kolej da lise ya isa gaisuwa da sayen kati, bai isa a zauna jarrabawar kimiyya da agogo a gabanka ba. Mai niyyar gaske ya ware masa shekara guda.

Akwai wani abu da ƴan kaɗan suka sani. Tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta yanke cewa ɗalibin kowace ƙasarta ya biya kuɗin rajista daidai da ɗan ƙasa a jami'o'in gwamnati na sauran ƙasashen. Mun fita daga CEDEAO a watan Janairun 2025, amma har yanzu muna cikin UEMOA, Najeriya kuwa ba ta taɓa shiga ba. Aiki da wannan doka ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai an tambaya. Duk da haka, a takarda, Wagadugu da Dakar sun fi Kano kusa da ɗan Damagaram: bak ɗinka suna karanta shi ba tafinta, digirinsu kuma yana dawowa gida cikin sauƙi. Abin dariya ma, mu muna neman shiga Kano, ƴan Kanon da suka rasa gurbi suna tsallakowa Maraɗi, jami'ar Maryam Abacha mai zaman kanta, suna biya. Kuma a nan gida akwai sashen likita a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram. Kada yaro ya bar ajiye dosiye a gida yana jiran Kano, ranar rufewa ta wuce, ya tashi biyu babu.

Abin da nake ganin ya kamata mu tambayi shugabannin jami'o'inmu shi ne: me ya hana a zauna da Bayero, da Ahmadu Bello, da Usmanu Ɗanfodiyo, a sa hannu kan adadin gurabe a fili, da kuɗi sananne, da hanyar karɓar bak da kowa zai karanta a allo? Da akwai wannan da dillali ya rasa kasuwa. Almajiran Birni da Zango sun yi shekaru aru-aru suna tafiya Kano da Zariya karatu, malami na tambayar su izu nawa suka kai, ba wanda ya tambaye su takardar ƙaramar hukuma.

Masu son a duba musu takardu, ku zo da takardar haihuwa da ta makin bak bayan magariba, mu fara da duba ko sunan da ke kansu iri ɗaya ne.  In akwai tambaya, bismillah.